Ranar da Tunau Ya Je Tafki Shi Kaɗai

An yi wata Zabuwa a gefen wani kurmi, tana da ɗa guda mai suna Tunau. Ya tasa har ya zama ɗan saurayi, amma ba kamar sauran zabi yake ba. Hayaniya na damunsa, ba ya iya kallon kowa a ido, in an gaishe shi sai ya sunkuyar da kai yana jera tsakuwa. Zabi kuwa kun san halinsu, in suka taru sai ka ce kasuwa ce ta ci.

A wannan daji akwai al'ada. Ba mai ɗiban ruwan tafki sai ya tsaya gaban tsohon Gauraka ya gaishe shi da bakinsa. Kullum Zabuwa ce ke yin gaisuwar a madadin ɗanta.

Sai ƙaya ta soke ta, ƙafa ta kumbura. Ga rani ya kawo kai, kududdufin bakin gida ya fara ƙafewa. Tsoro ya kama ta, don in Tunau bai iya zuwa tafki shi kaɗai ba, ƙishirwa ce za ta gama da su.

Ta ɗingisa da shi wurin Zakara, mai koya wa 'ya'yan tsuntsaye magana, wanda yake ganin duk dajin ba wanda ya kai shi murya.

"Ke kika sangarta shi," in ji Zakara. "Bar ni da shi."

Ya matso dab da fuskar Tunau ya daka tsawa. "Kalle ni! Ce ina kwana!"

Tunau ya cusa kai cikin fiffike. Zakara ya ce wannan kam ba zai taɓa gyaruwa ba.

"Ɗana bai lalace ba balle a gyara shi," in ji Zabuwa. "Kai ne ba ka iya ba."

Wata tsohuwar Hawainiya na kan reshe tana jin su. Ta sauko a hankali, ta zauna a gefen Tunau, ido ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa.

"Ɗan nan, ni ma ban cika kallon fuska ba," in ji ta, "kuma bai hana ni gaisuwa ba."

Ba ta raba shi da tsakuwarsa ba. Da su ma ta koya masa: wannan ita ce ina kwana, wannan ina gajiya, wannan kuma neman izinin ruwa. Kullum hanya guda suke bi. Da farko tana kai shi har bakin tafki, daga baya ta riƙa tsayawa a rabin hanya. Ta kuma je ta roƙi Gauraka kada ya matsa wa yaron, ya jira shi ya gama.

Ranar da kududdufi ya ƙafe, Tunau ya ɗauki ɗan ƙoƙo ya tafi shi kaɗai. Ya tarar da tafki cike da tsuntsaye. Ya tsaya yana kallon ƙafafun Gauraka. Gauraka ya jira. Can sai gaisuwa ta fito, ɗaya bayan ɗaya, har ƙarshe. Gauraka ya amsa, ya ba shi hanya.

Sai ga Zakara ya ɗare kan wani kututture a bakin ruwa. "Kun ga aikina? Ni na koya masa."

Tunau dai bai iya ɓoye gaskiya ba. "Ba kai ba ne. Kai tsawa ka yi mini. Inna Hawainiya ce ta koya mini."

Tafki ya ɗauki dariya. Zakara ya ja da baya don kunya, ya zame ya faɗa cikin taɓo, ya fito jagab ba kyan gani. Daga ranar iyaye suka kwashe 'ya'yansu zuwa wurin Hawainiya.

Tunau ya kawo ruwan gida. Zabuwa ta sha, alfahari ya cika mata zuciya, ta ji kamar ta yi ta kuka irin nasu na zabi har daji ya ji. Amma ta san ɗanta. Ta danne, ta matso ta zauna a gefensa, ta ce a hankali, "Sannu da zuwa, Tunau."

Ya ce, "Yauwa, Inna. Gobe ma zan je."

Darasin wannan labari shi ne, yaron da halinsa ya bambanta ba tsawa yake buƙata ba. A nemo masa mai haƙurin da zai bi da shi ta hanyar da yake ganewa, zai tsaya da ƙafarsa. Mai cika baki da aikin da bai yi ba kuwa, kunya na jiransa a gaban jama'a.