Ma'ajin da Ya Zuba Kuɗin Jana'iza a Bokiti

A garin nan namu na Greensboro an yi wani mutum, ba da daɗewa ba. Ba zan kama sunansa ba. Kuma don Allah ku bar waige-waige, na ga wasu sun fara leƙen na kusa da su. Ba ya cikin sahun nan, ya bar garin tuni.

Mutumin kirki ne, ya 'yan uwa, wannan sai na faɗa tun farko. Daga Nijar ya zo, kamar da yawa daga cikinku. Yana aiki a wani siton kujeru da gadaje. Ba ya shan komai, ba ya caca, jam'in asuba ba ya wuce shi. Don haka da jama'a suka kafa asusun jana'iza, kowane gida yana zuba wani abu duk wata, shi aka zaɓa ma'aji, ba wanda ya ce uffan.

Kun san abin da ya sa muke da wannan asusu. A gida idan mutum ya cika, maƙwabta su ɗauki diga da shebur, shi ke nan. A nan kuwa ƙasar da za a rufe ka da ita ma sai an saya, kuma masu maƙabarta ba sa sa diga a ƙasa sai sun ga cek a kan teburinsu.

A wurin aikinsa akwai wani Kirista ɗan kudancin Kaduna, sunansa Shekari. Wata rana lokacin hutu Shekari ya ciro wani babban sule daga aljihu, rabin dala, irin wanda ba ka ganin kowa yana sayayya da shi. Ya ce masa, "Mutumina, dubi gefensa. Ka ga fari tas, ba jan layi? Wannan tsohon bugu ne, azurfa ce a ciki. Ya fi abin da aka rubuta a jikinsa nesa ba kusa ba."

Ya bayyana masa yadda ake yi. Ka je banki ka sayi akwati guda cike da sulallan rabin dala, a ƙunshe cikin takarda ƙunshi-ƙunshi. Ka je gida ka warware, ka duba gefen kowane ɗaya. Mai azurfa ka ware, sauran ka mayar banki a ba ka kuɗinka. Wani akwatin ka sami biyu ko uku, wani ka tashi a tutar babu.

Shin wannan haramun ne? A'a. Kuɗinka ne, lokacinka ne, ciwon bayanka ne. Ni ban hau nan don in haramta abin da Allah bai haramta ba.

Mutuminmu ya fara da akwati guda. Allah cikin ikonsa, a na farkon ya dace da masu yawa. To, nan fa aka gamu! Lokacin kuwa farashin azurfa yana ta hawa. Ya shimfiɗa tabarma a garejin gidansa can East Greensboro, da an tashi aiki sai garej. Matarsa ta kai abinci ya huce, ta ɗauke, ta sake kawowa. Yatsunsa kullum baƙi ƙirin kamar na makanike.

Amma mutanen banki ba wawaye ba ne. Akwatin nan nauyi gare shi, su ma biya suke a kawo musu shi, su biya a tafi da shi, ribar kuwa tana garejin wani. Sai manajar bankinsa ta kira shi gefe, cikin fara'a irin tasu, ta ce daga yau akwati ɗaya a mako, kuma abin da ya ɗauka a nan ba za a karɓa a nan ba. Ya buɗe asusu a wani bankin don ya riƙa juyewa can. Ba a jima ba su ma suka ce sai ya ƙunshe su da hannunsa, kuma kaɗan-kaɗan. Na uku suka ce za su cire ladansu. Na huɗu, da kashiya ta hango shi a ƙofa da jaka sai ta kafa alamar an rufe wannan taga.

Shekari ma haka aka yi masa. Ya yi dariya ya ce, "Ni dai na haƙura. Akwati ɗaya ya ishe ni. Wasa ne fa, mutumina, kada ka mai da shi sana'a."

Da ya ji wannan magana, da yau wani wa'azin nake yi muku.

Shaiɗan, ya 'yan uwa, ba ya zuwa wa mai sallar asuba ya ce masa yi sata. Ya san zai sha kora. Sai ya zo masa a hankali, ya tuna masa cewa asusun jama'a yana wani banki dabam, inda ake girmama ƙungiyoyin addini. Can ba a sa musu iyaka, don an san akwatin sadaka tsabar sulalla yake tarawa. Ya ce masa, ai ba ci za ka yi ba. Kuɗi ne za su zama kuɗi. Takarda ta zama ƙarfe, ƙarfe ya koma takarda. Duk wanda ka ware ka sa madadinsa daga aljihunka. Wa ka cuta?

Mutuminmu ya je ya yi odar akwatuna da sunan jama'a, aka cire kuɗin daga asusun jana'iza. Kashiyar ta tambaye shi me masallaci zai yi da rabin dala haka. Ya ce sadaka ake raba wa yara ranar Juma'a. Matar ta ji daɗi har ta ce Allah ya yi musu albarka. Kun ji ƙarya ta farko. Da bakin da ya karanta Fatiha da asuba ya yi ta.

Aka yi ta haka wata da watanni. Daga baya wannan bankin ma ya farga, don ba yaran da za su karɓi sadaka kuma sadakar ta dawo cif-cif duk mako. Suka ce ba sa ƙara karɓar tsaba a warwatse, sai a ƙunshe, kuma ɗan kaɗan a mako. Amma odar da ya riga ya yi tana ta isowa, shi kuma yana ta ɗauka. Ɗauka da sauƙi, mayarwa ce ta gagara. Ya ce gobe zan ƙunshe, jibi zan ƙunshe. Ina! Zuciyarsa tana kan akwatin da bai buɗe ba. Wanda ya gama dubawa sai ya juye a bokitin fenti ya tura lungu.

A hankali asusu ya bushe, bokitai suka cika. Duk lokacin da aka tambaye shi a taro sai ya dafa ƙirji ya ce, "Kuɗin jama'a suna nan, ko kwabo bai yi ciwon kai ba." Kuma wallahi gaskiya ya faɗa, abin ban haushin ke nan. Suna nan, a garej, bayan injin yanke ciyawa.

Ranar wata Alhamis Allah ya yi wa Malam Soumaïla rasuwa a gidan likita. Dattijo ne, direban tasi, tun kafuwar asusun bai taɓa tsallake wata ba. Ya bar matarsa Hamsatou da 'ya'ya. Aka yi waya maƙabartar da muke kai namu, can wajen Pleasant Garden. Suka ce a kawo cek kafin la'asar ɗin Juma'a su haƙa. In an wuce haka masu haƙa sun tashi, sai Litinin.

Ku tsaya ku ji abin da wannan ke nufi. Musulmi, dattijo, ya yi ta kwana a cikin durowar sanyi har Litinin, ya tsallake Juma'a, ranar da kowa ke roƙon Allah ya sa a rufe shi cikinta. Matarsa tana zaune a falo mata sun kewaye ta, tana jiran a ce an kai shi.

Liman ya kira ma'aji ya ce a rubuta cek. Ya ce, "To, Malam, yanzun nan." Ya ajiye waya ya nufi garej.

Ya loda bokitai a but ɗin motarsa da kujerar baya, har motar ta zauna kamar jakin da aka yi wa lodin ƙasa. Ya nufi bankin da asusun jama'a yake, suka ce doka doka ce, a ƙunshe kuma kaɗan. Ya ce rasuwa aka yi. Manaja ya ce yana yi masa ta'aziyya ƙwarai, amma ba abin da zai iya. Ya bi sauran bankuna har Elm Street, duk sun san fuskarsa. Ya je babban kanti wurin injin da ke haɗiye tsaba ya ba da takarda, ya yarda a cire masa ko nawa ne. Ko bokiti guda bai ƙare ba injin ya cika ya tsaya cak.

Washegari tun da safe ya sake zagayawa, a banza. Ina azurfar da ya tara? Ya kai wa mai sayenta, ya tarar da abin da aka ba shi bai kai ko'ina ba. Duk wannan wahala, duk wannan baƙin yatsu, ashe ba ta isa sayen kabari guda ba.

Ya iso masallaci ana shirin huɗuba. Ya durƙusa gaban liman ya faɗi komai. A nan kam na yaba masa, don yana iya kashe waya ya hau hanya. Bai yi ba.

Da aka sallame, liman ya ce kowa ya fito filin ajiye motoci. Aka buɗe but. Ina wurin, da idona na gani. Jama'a suka leƙa suka ga bokitai cike da tsaba. Sai kuma wuri ya kaure. Wannan yana cewa ɓarawo, wancan yana cewa a kira 'yan sanda, wani matashi har ya cakumi wuyan rigarsa. Rana kuwa tana ta tafiya, mu maza muna ta ɗaga murya, ba wanda ya tuna da gawa.

Allah ya saka wa Hajiya Fourera mai shagon kitso da alheri. Ta fito daga ɓangaren mata ta ratsa tsakiyarmu, ta ce, "Haba, Alhazai! Ku rufe bawan Allah tukuna, faɗa ba ya gudu. Ai kuɗi ne a bokitin nan. A ba ni nawa." Ta zuge jakarta ta zazzage cinikin mako a kan mota, ta sa hannu biyu ta ɗebi tsaba ta zuba a jakar.

Kunya ta kama mu. Kowa ya shiga laluben aljihu. Masu tasi suka kawo na ranar, wasu suka ruga gidan mai da ke kusa suka ciro a na'urar cire kuɗi. Kowa ya ba da takarda ya ɗebi ƙarfe gwargwadon abin da ya ga ya yi daidai, ba wanda ya tsaya lissafi. Wani a hula, wani a leda, ni kaina sai da aljihun rigata ya yage. Wani ɗan kasuwa a cikinmu ya tattara takardun ya rubuta cek na kansa, aka ba mai mota mafi lafiya ya kama hanyar Pleasant Garden.

Muka tsaya muna jira. Da waya ta buga aka ce sun karɓa, sun fara haƙa, wallahi na ga manyan mutane masu furfura suna share ido. Alhamdu lillahi! Aka sallaci Malam Soumaïla, aka sa shi a makwancinsa rana ba ta faɗi ba, a ranar Juma'a. Har yau in na tuna sai na ji wani sanyi a raina. Allah ya rufa mana asiri, ba don dabararmu ba.

Shi kuwa mutuminmu, ba a kai shi ko'ina ba, don da aka tattara komai kuɗin jama'a sun cika. Amma an karɓe asusu a hannunsa a ranar. Mutumin da a da ake ba shi ajiya ba a ko rubutawa, ya zama ko makullin masallaci ba a miƙa masa. Shekara guda rabin dala tana yawo a gidajenmu, duk wanda ya ciro ɗaya sai an ambaci sunansa. 'Ya'yansa suka daina zuwa makarantar Asabar.

Kafin ya bar gari ya je wurin Hamsatou neman gafara. Ya tsuguna a bakin ƙofa bai iya ɗaga kai ba. Ta ce masa daga bayan labule, "Na yafe, Malam, tunda ya kwanta a ranarsa. Abu ɗaya dai nake so ka sani. Da ciwon ya tsananta na yi ta kuka ina cewa yaya zan yi a ƙasar mutane. Ya ce mini, kwantar da hankalinki, kuɗin suna hannun wane. Sunanka ya faɗa. Bayan shi bai ƙara ambatar kowa ba sai Allah."

An ce ya fi awa guda a cikin mota bai iya tayar da ita ba.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai ci kwabon kowa ba, amma ya ci amana. Amana ba cikar lissafi kawai ba ce. Amana ita ce ranar da mai abu ya miƙo hannu ya same shi a inda ya ajiye, yadda ya ajiye. Abin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne da za ka juya, ko da na minti ɗaya, ko da kana rantsuwa za ka mayar. Kuma duk ƙofar da aka rufe maka, in ba ta buɗuwa sai da ƙarya da sunan jama'a, to bar ta a rufe.

Wa ke riƙe da kuɗin adashi a nan? Wa aka ba saƙo ya kai gida yake cewa bari in ɗan juya kafin tafiya? Wa ke da katin ɗan uwansa a aljihu? Yau, kafin ka ci abinci, je ka mayar da shi inda yake. Shi ya dace da Hajiya Fourera a ranar. Kai ba ka san wa za ka samu ba.

Ya Allah, ka jiƙan Malam Soumaïla, ka karɓi tuban bawanka duk inda yake. Ka rufa mana asiri kamar yadda ka rufa mana a waccan Juma'a. Allah ya kiyaye mu daga taɓa abin da aka ba mu ajiya, ya sa ranar da aka ɗauke mu kada a jira komai. Amin.