Jatau Magini da Bashin Tsayuwar Wata

Ku yaran yanzu ba ku da ta ido. Albashi bai shigo hannu ba kun riga kun cinye shi, in mai bashi ya yi sallama kuma ku ce a ce ba ku nan. To ku zauna ku ji, kada wanda ya katse ni.

An yi wani sarki a Birnin Ƙirya, mai adalci da son raha, wanda ya ɗauki magina suna gyaran ganuwar gari, ana biyansu ladansu a ƙofar baitulmali duk ranar da wata ya tsaya. A cikinsu akwai Jatau, mutum mai himma a kan aiki, amma kunya ta yi masa yawa.

Da matarsa ta haihu wata bai ko raba ba, hannunsa kuwa wayam. Ya karɓi ragon suna bashi a wurin surukinsa Malam Barmo, ya ɗauki dawa a wurin Inna Tabawa mai awo, don sauran hidima kuma ya nufi Sallau mai ba da rance, wanda yake shimfiɗa tabarmarsa daura da ƙofar baitulmali. Shi Sallau ba ya ambaton riba, don ya san hukuncinta. Cewa yake yi, "In wata ya tsaya ka kawo mini abina. In bai samu ba, ba komai, ka ba ni na goro in ƙara maka wata guda." Na goron nan kuwa ba ya rage bashi ko da wuri ɗaya, in ka makara da shi ma sai a ɗora shi a kan uwar kuɗi.

Duk sa'ad da Jatau ya karɓi lada, gidan suruki yake fara zuwa, domin ba ya iya haɗa ido da shi alhali yana riƙe da kuɗinsa. Daga nan sai rumfar Inna Tabawa. Ɗan abin da ya rage ya miƙa wa Sallau na goro. Ana nan, na goron ma ya gagara, sai ya koma bin bayan kasuwa don kada su haɗu. Sallau ya kai shi gaban alƙali, aka aiko masa da sammaci, ya lafe a ɗaki ya ce zazzaɓi yake yi.

Sai Sallau ya kai ƙara fada. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, na yi haƙuri har haƙuri ya ƙare. Ina roƙo a umarci Ma'aji ya riƙa zuba ladan Jatau a hannuna tun daga baitulmali, har ranar da bashina zai fita."

Jatau, wanda dogarai suka kawo, yana durƙushe a gefe, yana tunanin mai jego da jariri da tukunyar da za a daina ɗorawa.

Sarki ya sa aka kira sauran masu bin bashin, sa'an nan ya dubi fadawa ya ce, "Ga mutum ɗaya, lada ɗaya, bashi uku. Wanne ya kamata ya fara biya?" Wani ya ce na suruki, domin mutunci. Wani ya ce na mai awo, domin ciki ba ya jira. Sarki ya juya ga Waziri Bawuro, ya ce, "Kai muke saurare."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, in an yi mini izini, maginin zan tambaya." Ya dubi Jatau. "Damina ta kama, ka tarar da tsaga uku a jikin katanga. Biyu a sama suke, a bushe, yadda ka bar su jiya haka suke yau. Ɗaya a gindi take, ruwa yana shiga yana cin ƙasa. Wacce za ka fara liƙewa?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ta gindin. Waɗancan za su jira rani, wannan kuwa in aka bar ta katangar za ta tafi da ita."

"To me ya sa a gidanka kake shafe na sama, ka bar ruwa yana cin gindi?"

Fada ta ɗauki dariya, har Sarki ya rufe baki da hannun riga. Malam Barmo ya ɗaga sandarsa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wa ya tambayi yaron nan kuɗin rago? Jikana aka yanka wa! Kullum sai ya zo ya ajiye mini kuɗi a bakin tabarma ya gudu kamar na kore shi."

Jatau ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, kunya ce."

Inna Tabawa ta ce, "Kunyar me? Da ka buɗe baki ka ce Inna a ɗaga mini zuwa kaka, dawar ce za ta yi kuka?"

Waziri ya ce, "Ka ji, Jatau. Bashin da yake girma shi ake fara kashewa, mai haƙuri kuwa a je a nemi uzurinsa da baki. Kuma gudun sammaci shi ya buɗe wa Sallau hanyar ladanka, da ka amsa kiran alƙali da maganar ba ta iso nan ba." Sa'an nan ya juya ga Sallau. "Kai kuma, na goron da ka karɓa a hannunsa ya kai uwar kuɗinka, ko bai kai ba?"

Sallau ya yi gyaran murya ya ce ai goro kyauta ce, ba a lissafa ta. Waziri ya ce, "Kyautar da in ba a ba ka ba kake kai ƙara?" Aka lissafa a gaban Sarki, sai ga shi abin da ya karɓa ya haura abin da ya bayar.

Sarki ya yanke hukunci cewa babu mai taɓa ladan Jatau, kuma duk na goron da Sallau ya taɓa karɓa a hannun kowane magini biya ne, rarar kuwa a mayar. Ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, ya ce, "Adalci shi ne mai bashi ya sami abinsa cif ba tare da ƙari ba, ma'aikaci kuma ya kai guminsa gida da hannunsa." Jatau ya fito daga fada yana dariya shi kaɗai, Malam Barmo yana biye da shi yana yi masa faɗa har ƙofar gida.

Da wata ya sake tsayawa, Sallau ya zauna a wurin da ya saba, amma wannan karon shi ne mai miƙawa. Magina suka yi layi, yana kiran kowa da sunansa yana ƙirga masa rararsa, su kuwa suna ce masa, "Malam Sallau, in bai samu ba, ba komai, mu ƙara maka wata guda!" Jakarsa ta ƙare layi bai ƙare ba. Ya sayar da alfadarinsa, ya sayar da babbar rigarsa ta Juma'a, na ƙarshe a layi kuwa tabarmar ya naɗe ya tafi da ita.