Ƙauyen da Ya Ɓace a Kwamfuta

Ku gyara zama, yau na zo da wadda ni kaina ta ɗaure mini kai.

Wata ƙungiya ce ta samu halin haƙa burtsatse ɗaya tak, ƙauyuka kuwa birjik. Aka ce ƙauyen da ruwan rijiyarsa ya fi ƙaranci shi za a ba. Ma'aikata uku aka ɗora wa aikin. Lurwanu ya zaga da igiya yana auna ruwa. Kamilu ya rubuta umarni a manhajar lissafi mai suna R, don ta jera alƙaluman daga ƙarami zuwa babba. Mansura ce za ta danna, ta kai wa shugaba sakamako.

Ta danna, jeri ya fito tsaf. Har ta miƙe, sai ta lura abin da ya fito bai kai abin da ya shiga ba. Ƙauye guda ya yi ɓatan dabo. Ta sake dannawa, ta kashe kwamfutar ta kunna, ta goge tabarau, duk a banza. Shugaba yana ta aike, ita kuwa ta kafe, ta ce ba ta kai abin da ba ta gane ba.

Kamilu, sarkin cika baki, ya zo ya yi ta sosa ƙeya. Can ya ce, "Af, ai in manhajar ta tarar da gurbi ba lamba, jefar da shi take, ko sallama babu." Ya gyara umarnin, sai ga ƙauyen da ya ɓace, Gidan Marke, a can ƙasan jerin, gabansa wayam.

To me gurbin ke nufi? Lurwanu ya ce wa shugaba, "Ranka ya daɗe, na zura igiya ban taɓa ruwa ba. Abin da ban auna ba, yaya zan rubuta?" Shugaba ya ce ƙila igiyar ce ta gaza. Lurwanu ya hau babur ya koma, ya sa aka zura shi cikin rijiyar, ya kawo bokitin busasshen yashi ya dire a ofis.

Aka haƙa burtsatsen a Gidan Marke, matan da ke yini neman ruwa suka huta. Dagaci ya ce sunan mutum ɗaya cikin ma'aikatan uku za a sa wa burtsatsen, ya bar wa Mansura zaɓi, ta zauna tana auna aikin kowa. Ita ta tsayar da maganar, amma ba ta gano komai ba. Kamilu ya gano, amma umarninsa ne ya yar da ƙauyen. Lurwanu ya shiga rijiya da ransa, kuma shi ya bar gurbin.

To ku, sunan wa za ku sa wa ruwan nan?