Ranar da Iya Tabita ta gwada jana'izarta

Akwai wata tsohuwa a wani ɗan ƙauye tsakanin Gaya da Ajingi, sunanta Iya Tabita. Ku da kuke karatu kuna tsallake layi, ku nutsu, wannan da ku ake.

Ƙauyen akwai gidajen Kirista kaɗan da ƙaramin cocinsu mai rufin kwano. Iya Tabita ta haura tamanin. Mijinta Maiwada ya daɗe da rasuwa. Shekara hamsin tana cikin zumuntar mata ta cocin, kuma a shekara hamsin ɗin babu waƙar da aka rera ta ce an yi daidai.

Wata rana aka ɗauke ta a mashin zuwa jana'izar wata ƙawarta a wajen Toranke. Ta dawo ranta a ɓace. Mai buga tulun kiɗa ta yi sauri. Zanen zumuntar da aka lulluɓe akwatin da shi ya koɗe. Da aka zo wurin ba da shaida a kan marigayiya, mutum biyu suka tashi, su ma a gurguje.

Abin ya tsaya mata a rai. Tsoro ne ya kama ta, amma ba ta faɗa wa kowa ba. A ganinta, wanda aka raka da shaida mara ƙarfi, a ƙofar Sama zai tsaya yana kame-kame.

Sai ta aika a kira mata Lidiya, uwar zumunta.

"Ranar Alhamis da la'asar ku zo gidana da tulu da caki. Za mu gwada jana'izata."

Lidiya ta ce, "Iya, ai ba a gwada wannan."

"Waƙar Kirsimeti ba kwa gwadawa? Wadda za ku sake baɗi ma kenan. Wannan sau ɗaya ce, kuma ranar ba ni da bakin gyara muku."

Ranar Alhamis mata goma sha ɗaya suka zo. Iya Tabita ta buɗe akwatinta, ta fito da sabon zanen zumunta da ta ɓoye shekara tara, ko wanki bai taɓa gani ba. Ta kwanta a tabarma a gindin darbejiya, ta ce a lulluɓe ta har kai.

Aka fara waƙa. Ba a kai rabin baiti ba murya ta fito daga ƙarƙashin zane.

"Damaris, kashe tulun za ki yi? A hankali."

Aka sake. Aka kuma sakewa. A karo na huɗu gawa ta yi shiru, wato ta yarda.

"To, shaida. Kowa ta tashi ta faɗi alherina."

 Wata ta duba farcenta, wata ta gyara ɗankwali.

Can Damaris ta tashi. "Iya Tabita tana zuwa coci da wuri."

"Ci gaba."

"Don kada wani ya zauna mata a bencin gaba."

"Zauna."

Wata ta tashi ta ce, "Iya ba ta taɓa ganin laifin mutum ta bar shi ya kwana bai sani ba."

"Wannan yabo ne ko ƙara kika kawo?"

 A ƙarƙashin zanen, zufa ta karyo wa Iya Tabita. Abin da take tsoro ga shi ya fito fili tun tana da rai. Ta ce a koma waƙa, muryarta ƙasa-ƙasa.

To, katanga ɗaya ce tsakaninta da Hauwa'u mai daddawa, Musulma, sa'arta. Lokaci ɗaya aka kawo su aure ƙauyen. Amma shekara bakwai ba sa ga-maciji, tun ranar da akuyar Hauwa'u ta shiga waken Iya Tabita, ita kuma ta kama akuyar ta ɗaure a gidanta.

Hauwa'u ta sauko daga adaidaita kenan, ta dawo daga kasuwar Gaya, sai ta ji waƙa. Ta gane ta, ita aka rera ranar da aka binne Maiwada. Ta yar da kwandonta a ƙofa, ta shigo ko sallama babu. Ta ga mata a zagaye, ta ga mutum a lulluɓe.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tabita, haka za ki yi mini? Ki tafi ba mu shirya ba?"

Lidiya ta buɗe baki, amma Hauwa'u ba ta ba ta dama ba. Ta durƙusa tana kuka.

"Ku shaida, na yafe mata duniya da lahira. Bakinta ne kawai, amma cikinta fari ne. Shekarar da na kwanta ciwo, wa ya yi kwana tara yana juya ni, yana wanke ni? Ita ce, tana yi tana yi mini faɗa wai ban iya kwanciya ba. Ni kuma tun da gwiwarta ta fara ciwo, ni nake ajiye mata itace a ƙofa. Ban so ta sani ba, don na san sai ta ce ɗanye ne."

Matan suka kalli juna. Shekara uku Iya Tabita tana yi musu gori cewa akwai wani bawan Allah mai ajiye mata itace da ya san darajarta, ba irinsu ba.

Hauwa'u ta share hawaye. "Har akuyata da ta ɗaure kwana uku ba ci ba sha, na yafe."

Zanen ya motsa.

"Kwana biyu ne. Kuma na ba ta dusa."

Hauwa'u ta zauna daɓas. Ta dubi zanen, ta dubi Lidiya, ta dubi ƙofa. Iya Tabita ta yaye lulluɓi ta tashi zaune.

Da Lidiya ta gama yi mata bayani, Hauwa'u ta miƙe tana karkaɗe zani. "Wato da ranki kika sa na yi kuka a banza. Na janye yafiyar."

Damaris ta ce, "Gwaggo, ai ba a janyewa. Mu goma sha ɗaya muka shaida."

Aka fashe da dariya. Iya Tabita ce kaɗai ba ta yi ba. Hawaye ne suke bin kumatunta, abin da ba wanda ya taɓa gani, ko ranar mutuwar Maiwada.

Ta ce, "Lidiya, tsoro nake ji. Na tsufa, tafiya ta matso, na duba hannuna ban ga abin da zan nuna ba. Shekara hamsin a zumunta, mai shaida ɗaya na samu, ita ma wadda na ɓata wa."

Lidiya ta matso ta kama hannunta. "Iya, da aka yafe miki ɗazu, me kike yi?"

"Ina kwance."

"Kin roƙa? Kin biya wani abu?"

"Ko yatsa ban ɗaga ba."

"To haka Yesu ya yi mana. Ɓarawon da aka gicciye a gefensa, wa ya buga masa tulu? Wa ya ba da shaidarsa? Ko zane bai samu ba. Ya dogara ga Yesu, Yesu ya karɓe shi a ranar. Rai madawwami ba mu muke rera wa mutum shi ba, kyauta ce."

 Iya Tabita ta juya wajen Hauwa'u.

"Ki yafe mini, yanzu da idona biyu."

"Na yafe. Amma kwana uku ne."

"Uku ne," in ji Iya Tabita. Matan suka ce wannan ya fi tashinta daga tabarma ban mamaki.

Ranar Lahadi ta ɗaura sabon zanen ta tafi coci, ta zauna a bencin tsakiya. Damaris ta ce, "Iya, wannan fa na jana'iza ne. In ranar ta zo, da me za mu lulluɓe ki?"

"Da abin da kuka samu. Ku buga tulun yadda kuka ga dama. Ba zan ji ba, ina can inda ake rerawa daidai."

Tana nan da ranta. Da yamma za ka gan su ita da Hauwa'u a ƙofar gida suna ɓarar gyaɗa. Har yanzu Iya Tabita tana cewa itacen ɗanye ne.

Darasi: Ba sabon zane ko yabon mutane ne zai buɗe maka ƙofar Sama ba, alherin Yesu Almasihu ne, kuma wanda ya riƙe shi ba ya tsoron tsufa. Idan akwai wanda kuke gaba da shi, tashi ka je yau da ƙafarka, kada ka jira sai an lulluɓe ka. Ku tura wa tsofaffinku, wanda ba ya gani sosai ku zauna ku karanta masa.