Ka Ce Wa Yaya Ya Zo Da Kansa

Akwai wani manomi a unguwar Yindiski cikin garin Potiskum, sunansa Muhammadu Lawan, amma kowa Alhaji Lawan yake ce masa. A lokacin da wannan abu ya faru, ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Yobe ba, shi kuma ya haura shekara sittin.

Gidansa babba ne, ɗakuna a jere, amma ɗaya kawai ake buɗewa. Matarsa Fanne ta rasu. 'Ya'yansa mata suna gidajen mazajensu. Namijin, Almustapha, yana aiki a Legas, sai da sallah yake leƙowa, wata sallar ma sai dai gaisuwa ta bakin direbobi. Wata maƙwabciya ce take dafa abinci ta aiko masa, ya zauna a zaure ya ci shi kaɗai.

Abin da ya rage masa a duniya gonarsa ce da tsohuwar taraktarsa. Jan fentinta ya koɗe, tayoyinta duk faci. Batir ya daina riƙe wuta, don haka kullum a kan tudu yake ajiye ta, da safe ya sake ta ta gangara kafin ta tashi. In ta tashi kuwa, hayaƙinta kaɗai ya isa ya gaya wa unguwa cewa Alhaji ya fita.

Wannan tarakta tana da tarihi. Lokacin da mahaifinsu ya rasu, Alhaji Lawan da ƙaninsa Babayo suka kai shanun gado kasuwa suka sayar, suka haɗa suka saye ta. Babayo ne yake tuƙa ta, Alhaji yana karɓar masu neman a yi musu huɗa.

Wata damina Babayo ya ga gonar wata tsohuwa ta cika da ciyawa, ba ta da mai nome mata. Ya shiga ya kafce mata kyauta, bai yi shawara da yayansa ba. Da labari ya kai wa Alhaji, sai ya tare shi a ƙofar masallaci, gaban jama'a, ya fizge makullin daga hannunsa.

Ya ce, "Kai direba ne kawai. Mai abu shi yake kyauta da abinsa."

Kafin daminar ta ƙare Babayo ya kwashe kayansa da matarsa Hajaratu, suka koma Gadaka, garin iyayenta. Bai nemi kasonsa ba, Alhaji kuma bai aika masa ba.

Fanne ta yi ta roƙon mijinta ya shirya da ƙaninsa har ta gaji. Ranar da ta rasu Babayo ya zo gaisuwa, ya durƙusa ya miƙa hannu. Alhaji ya ba shi 'yan yatsu, fuskarsa na kallon wani gefe. Daga nan Babayo bai sake taka Yindiski ba. Can a Gadaka ya yi ta tuƙa wa mutane, har Allah ya hore masa ya sayi tasa taraktar ta hannu.

To, a bazarar da nake ba ku labari, bakaniken Alhaji ya buɗe injin tsohuwar taraktar, ya duba, ya girgiza kai.

Ya ce, "Alhaji, gaskiya ɗaya ce. Wannan ta gama aikinta. In ta kai ka tsakiyar damina, ka gode wa Allah. Ka nemi wata tun hadari bai haɗu ba."

Alhaji ya kira Ɗantala, wani dillalin injinan noma da suka saba, ya sa shi cigiya. Bayan 'yan makonni Ɗantala ya dawo, ya zauna a bakin tabarma yana sosa ƙeya.

"Alhaji, na je Damaturu, na je Azare, har Gombe na aika. Sabuwa kam ba a maganarta a wannan zamani. Na hannun kuma, duk wadda na gani taka ta fi ta lafiya. Guda ɗaya na samu mai rai. Tsohon yayi ce, amma ba a taɓa buɗe injinta ba. Ga garmarta, ga tirelarta."

"A ina take?"

"Gadaka."

Alhaji ya san masu tarakta a Gadaka ba su da yawa.

Sai ya ce, "Je ka saya da sunanka. Kada ka ambace ni."

Ɗantala ya tafi, washegari ya dawo hannu rabbana.

"Alhaji, Babayo ya gane. Yana ganina ya ce ya san wanda ya aiko ni. A kwance na same shi, hawan jini ya shanye masa ɓari ɗaya, magani zai nema shi ya sa zai sayar. Amma bakinsa garau. Ya ce ba zai sayar wa kowa ba sai kai. Sharaɗinsa ɗaya: ka ce wa Yaya ya zo da kansa."

Alhaji ya ce, "Yaron da na goya a bayana, shi zai kafa mini sharaɗi? Sai da ciwo ya kayar da shi ya tuna yana da yaya?"

"Alhaji, mara lafiya ne fa."

"Tarakta na aike ka, ba wa'azi ba."

Ɗantala ya ja takalmansa ya tafi.

Jama'a, kada ku ɗauka zuciyar Alhaji dutse ce. Bayan tafiyar Ɗantala kwanon abincinsa haka aka mayar da shi, bai taɓa ba. Wata safiya har babbar riga ya sa, ya tafi tasha, ya tsaya kusa da motar Gadaka. Yaran mota suna kiran fasinja, shi yana tsaye yana tsara yadda zai yi sallama. Sai ya hango kansa yana shiga gidan ƙaninsa a matsayin mai nema, mutanen Gadaka suna kallo. Ya juya ya koma gida. A ransa ya ce, bari a yi shuka tukuna.

Ruwan shuka ya sauka. Alhaji ya gangaro da tsohuwar taraktarsa ya nufi gona. Bai ci rabin gonar ba, injin ya yi wata ƙara kamar ana dukan ƙarfe da guduma, ya mutu. Baƙin mai ya tsiyayo kan jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Ya sauko ya zauna a gindin tsamiya. Hagu da dama maƙwabta suna huɗa da garmar shanu, uba yana riƙe da garma, ɗa yana jan shanu, ƙani yana bi da iri. Suka ɗaga masa hannu daga nesa, "Sannu Alhaji!" Babu wanda ya matso. Ba mugunta ba ce. Shekara da shekaru shi ya koya musu cewa ba ya bukatar kowa.

Haka ya wuni a gindin bishiyar nan. Da rana ta yi sanyi ya tako da ƙafa zuwa gida. Washegari ya shiga motar Gadaka.

Taraktar Babayo ce ta fara tarbarsa a ƙofar gidan, an lulluɓe ta da tamfol. Bai ko ɗaga ya duba ba. Ya yi sallama, Hajaratu ta fito. Ta tsufa, ta rame. Da ta gan shi sai ta durƙusa.

"Yaya, kai ne? Sannu da zuwa."

"Yauwa Hajaratu. Ya mai jiki?"

Ta sa bakin mayafi ta share ido.

"Yaya, da ka zo lokacin da Ɗantala ya zo. Ciwon ya sake bugunsa ranar Juma'ar nan da ta wuce. Yanzu bakin ma ya tafi."

Alhaji ya dafa bango.

Ta ce, "Tun da Ɗantala ya tafi, in ya ji tsayuwar mota sai ya ce in leƙa. Masu saye sun zo har daga Fika, ya hana. Na ce ga magani muna nema, ya ce a jira Yaya. Ya ce akwai maganar da zai faɗa maka, ba ta saƙo ba ce. Na yi na yi ya gaya mini, ya ce tsakaninku ce."

Ta ɗaga masa labule ya shiga.

Babayo yana kwance a kan katifa, an jingina kansa da matashi. Mutumin da yake ɗaga garma shi kaɗai ya koma kamar kara. Gemunsa ya yi fari. Alhaji bai taɓa ganin ƙaninsa da furfura ba.

Ya zauna a ƙasa kusa da shi. "Babayo. Ni ne. Na zo."

Idanun Babayo suka juyo, suka tsaya a kansa. Leɓensa ya motsa. Ya yi ƙoƙari, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, amma sai wani gurnani ya fito wanda ba kalma ba. Ya sake gwadawa. Hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne.

Alhaji ya kama hannun da yake da sauran motsi, ya riƙe da hannu biyu.

"Bari, kada ka wahalar da kanka. Ni ne mai magana. Na zalunce ka, Babayo. Na ci haƙƙinka, na wulaƙanta ka a gaban mutane. Ka yafe mini don Allah."

'Yan yatsun Babayo suka ɗan matse nasa. Ko yafiya ce, ko ƙoƙarin faɗar maganar nan ne, Alhaji bai sani ba.

Ya sayi taraktar ba tare da ciniki ba, ya haɗa wa Hajaratu da kason mijinta na tsohuwar taraktar, wanda ya danne tuntuni. Da ya hau ya murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Bai nufi Potiskum ba. Gonar Babayo ya fara shiga, domin Allah bai ba su haihuwa ba, babu mai nome musu. Sai da aka shuka ta sannan ya koma tasa. A shekarar geronsa bai yi kyau ba, bai kuma damu ba.

Ya ɗauko Babayo da Hajaratu ya dawo da su Yindiski, aka share ɗakunan da suka daɗe a rufe. Ya kai shi asibiti, likita ya duba ya ce sai haƙuri da addu'a.

Kullum bayan la'asar Alhaji zai shimfiɗa tabarma kusa da ƙaninsa, ya yi ta ba shi labarin gona da na kasuwar shanu. Wani lokaci sai ya tsaya ya ce, "Maganar nan, ta gadon Baba ce? Ko ta ranar rasuwar Fanne? In ita ce ka matse hannuna." Babayo sai dai ya dube shi.

Ana cikin girbin wake Allah ya karɓi abinsa. Da Hajaratu ta gama takaba ta koma wurin danginta. Aka sake rufe ɗakunan.

Taraktar ta yi wa Alhaji aiki shekaru ba ta ba shi matsala ba. Duk damina sai ya kafce gonakin waɗanda ba su da hali kafin ya karɓi aikin kowa. Mutane suka fara zama a zaurensa, ana hira ana shan shayi. Amma in baƙo ya zo aka ce daga Gadaka yake, Alhaji zai ja shi gefe, ya rage murya, ya ce, "Ka san Babayo mai tarakta? Bai taɓa gaya maka wata magana da yake son faɗa mini ba?"

Har ya koma ga Mahaliccinsa bai samu wanda ya sani ba.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, mai shi yake fara dannewa. In akwai ɗan'uwan da kuka ɓata, kada ka tsaya lissafin wa ya girmi wa, ko wa ya kamata ya fara zuwa. Zumunci a ƙafa yake, kuma lafiya da baki aro ne, ba ka san ranar da za a karɓe ba. Tashi ka je yau, tun yana iya amsa maka sallama. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake kwance yana jiran tsayuwar motar wani.