Safar Hannun Da Aka Jefa Wa Baron Akos

Shin ka taɓa haɗiye zagi a bainar jama'a saboda mutanen da ba sa wurin?

Akwai wani basarake a ƙasar Hungary, wajen shekara ta 1870, sunansa Baron Akos Berenkei. Ɗan majalisa ne mai wakiltar ƙauyukan bakin kogi. Duk shekara in ƙanƙara ta narke, ruwa sai ya ci gonakinsu, wani lokaci har da rayuka. Shekara shida yana fafutukar a gina musu ganuwar tare ruwa.

Ana gobe ƙuri'a kan dokar gina ganuwar, kowa ya san hannu ɗaya ne zai raba gardama. Sai abokin hamayyarsa Tivadar, wanda harbinsa ba ya kuskure, ya tare shi a ƙofar zaure. Ya cire safar hannu ya jefa masa a ƙafa, alamar ƙalubale a al'adarsu.

"Wakilin kwaɗi! In ka haifu, mu haɗu da bindiga gobe da asuba."

A wajensu, basaraken da ya ƙi amsa wannan kira ya mutu a tsaye. Zuciyar Akos ta tafasa. Amma ya lura: harbi da asuba, ƙuri'a da hantsi.

Ya sunkuya ya ɗauki safar, ya kaɗe ta.

"Yaya Tivadar, ka yar da kayanka. Ga shi ana sanyi."

Aka yi masa ihun matsoraci. A gida matarsa Etelka ta ce, "Maigida, ka san ba mai sake gaisawa da mu?"

"Na sani. Amma gawa ba ta ɗaga hannu."

Washegari dokar ta wuce da hannu ɗaya, nasa. Aka soke sunansa daga ƙungiyar manya, ya faɗi zaɓe na gaba, ya koma gona.

Bayan shekara goma sha ɗaya kogin ya kawo ruwan da ba a taɓa gani ba. Ganuwar ta tsaya. Cikin waɗanda suka tsira har da 'yar Tivadar da ke aure a can, da 'ya'yanta uku.

Tsoho Tivadar ya zo, hula a hannu. Ya ajiye safar nan a kan tebur.

"Da na harbe ka ran nan, jikokina uku na harbe."

Akos ya jawo masa kujera. "Zauna, yaya. Miyar kifin za ta huce."

Darasi: Ba kowane kira ake amsawa ba. Wanda ya ɗauki amanar jama'a ba shi da ikon kashe kansa don huce haushi. Ka tura wa wani mai saurin fushi, ko ya tsaya ya yi tunani.