Sarƙar Genival

Akwai wani saurayi a unguwarmu a birnin Recife na ƙasar Brazil mai suna Genival. In dai hawan igiyar teku a kan katako ne, babu na biyunsa, kuma ya san da haka. Matsalar ke nan.

Masu hawa suna da ƙa'ida. In an yi ruwan sama, kogi ya kwararo ya dagula ruwan teku, ba mai shiga, don lokacin ne kifin shak mai cin mutane ke matsowa gaɓa. Kuma ba a shiga da abu mai ƙyalli, domin a gurɓataccen ruwa ɗauka yake ƙaramin kifi ne. Genival kuwa kullum da sarƙar azurfa a wuya, wai ita ce sa'arsa.

Ƙaninsa Ednaldo ya iya hawa, amma in ya ga ruwan ya yi kalar koko, sai ya zauna ya taya mahaifiyarsu Dona Lindalva sayar da ruwan kwakwa.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, manyan igiyoyi suka taso. Genival na zaune a yashi da targaɗe a ƙafa, abokai kewaye da shi, abin yana cinsa.

Ya ɗaga murya: "Kai Naldo! Ga igiya tana tafiya a banza, kana can kana fasa kwakwa kamar wata gwaggo!"

"Yaya, dubi ruwan fa. Ko ƙafarka ba za ka gani ba a ciki."

"Ku ji matsoraci! Anya cikinmu ɗaya da kai kuwa?"

Aka bushe da dariya. Genival ya cire sarƙar ya rataya wa ƙanin. "Ungo, ko ka samu zuciya."

Uwar ta ce, "Naldo, zauna." Amma gorin da aka yi masa a gaban jama'a ya riga ya toshe masa kunne. Ya suri katako ya shiga.

Ya hau igiyar farko da kyau, har Genival ya tafa. Yana komawa neman ta biyu, ruwan ya hautsine. Kifin shak ya cafke shi, ihu ɗaya aka ji.

Masunta suka ciro shi, amma jininsa ya ƙare kafin a kai asibiti. Sarƙar tana wuyansa.

Dona Lindalva ba ta zagi Genival ba. Da ma zagin ta yi, da ya fi sauƙi. Bayan an binne Ednaldo ta damƙa masa sarƙar, ta ce, "Ga sa'arka, ɗana."

Har yau bai sake taka ruwa ba. Duk ranar da aka yi ruwan sama yana nan a gaɓa yana roƙon samari kada su shiga. Ganinsa yana karya mini zuciya, domin wuce shi suke suna dariya: "Ku ji matsoraci!"

Darasi: Magana zarar bunu ce. Kada ka kira taka-tsantsan ɗin wani tsoro, gorin da ka yi don a yi dariya yana iya zama ajalinsa. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ko wani ya kama bakinsa.